Sandar da Na Ɓoye a Rufin Rakuba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ka Rusairis lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da gaggawar direbobin lori, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin sabon aikinka. Amin.

Za ka tarar da wannan takarda a aljihun jakarka. Ka san bakina ba ya iya doguwar magana da kai. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, tunda sunan mahaifina ne. Na rubuta da Hausa ko da yake Larabci ya fi maka saurin karantawa, domin abin da zan faɗa da Hausa ya faru. Akwai kuma tabarmar da na naɗe na ɗaure na ce kada ka kwance a hanya. Ka bar ta yadda take sai ka gama karatun nan.

Labarin gida ba zan ba ka ba, daga cikinsa ka fito. Magana ɗaya ce. A gidan yayana, Babanka Sule, za ka sauka. Ka ji ya faɗo daga kan lorin dawa bara ya karye a cinya. Wani da ya zo daga can kwanan baya ya ce mini ƙashi ya daɗe da haɗewa, hakim, wato likitan asibiti, ya ce ya tashi ya riƙa takawa, amma har yau yana kwance a kan angarib, gadon nan na igiya. 'Ya'yansa ba sa barinsa ya ɗauki ko buta. Mutumin yabonsu yake yi da ya faɗa mini haka. Ni kuwa shayin da ke hannuna ya huce ban kurɓa ba. Idan wata damina ta same shi a haka, Baba Sule ba zai sake tashi ba. Na sani, domin na taɓa gani, kuma da hannuna a ciki.

Kakanka Garba ba ka riƙe kamanninsa sosai ba. Manomi ne mai hawasha, gonar ban-ruwa, kamar kowa a ƙauyenmu, auduga da dawa. Amma in an gama tsinkar auduga aka share fage a bayan gari, sai ya zama wani mutum daban. 'Yan kokawa sukan zo daga ƙauyukan kewayen Kamlin, da 'yan ƙwadago na sansanin kambo, wasu har daga tsallaken kogi a kwale-kwale. Mata na soya gyaɗa, ƙanshin gahawar jabana ya cika wurin, mu yara muna kan katanga kamar tsuntsaye. Tanko makaɗi ya rataya gangarsa yana zagaya fage yana yi masa kirari: Garba gagara-kaye, ƙasa ta san tafinka, ba ta san bayanka ba. Kuma gaskiya ne, a fage ba wanda ya taɓa ganin bayansa a ƙasa. Har yau in na ji ganga daga nesa bayan la'asar sai in ajiye alƙalami.

Abin da 'yan kallo ba sa zuwa gani shi ne safiyar sauran kwanaki. In kogi ya janye ya bar yashi mai laushi, yakan kai mu can bayan sallar asuba, ni da Yaya Sule da samarin unguwa. Ba ya fara koya wa kowa kamu ko taɗiya. Sai ka yi kaka guda ba ka koyi komai ba sai shan kaye. Shi yake fara faɗuwa, gaba da baya da gefe, jikinsa duk yashi, ya miƙe yana kakkaɓewa. Yakan ce a manna haɓa a ƙirji, a lanƙwasa baya kamar ƙwarya, a saki numfashi, a mirgina. Wanda ya miƙa hannu kuwa yakan ce masa kada ya tare ƙasa da tafi, ta fi shi nauyi. Bayan haka mu ɗauki juna a kafaɗa mu hau gangaren kogi, mu jawo ruwa da guga, mu tsuguna mu tashi har cinya ta yi rawa. Rana na ɗagawa mu faɗa ruwa mu wanke, mu koma gida ga wainar kisra mai zafi.

Kuskurena na farko a kan wannan yashin na yi shi. Na zo hutu daga makarantar sakandare, da farin gajeren wando, ana ce mini Afandi don ni ɗan boko ne. Muna gwaji da Yaya Sule sai ga 'yan mata sun sauko ɗiban ruwa, cikinsu har da wadda ta zama mahaifiyarka, ko da yake har gobe tana musun ta kalli wajenmu. Yaya ya ɗaga ni. Na san na tafi, jikina ya san abin da ya kamata ya yi. Amma na tuna farin wando da idanun 'yan mata, sai na sandare na miƙa hannu. Na ji ƙas a wuyan hannun dama. Maɗori ya ɗaure shi da kara da tsumma, na koma makaranta ina rubutu da hagu. In ka ga rubutuna ya karkata a takardar nan, dalilin ke nan, da sanyin safiya kuma hannun yakan tuna mini.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya duba hannun, ya ce, "Afandi, da ka bi ƙasa, kayen kaɗai za su gani. Yanzu sun ga kayen, sun ji kukan."

To Abba, in ka ji ƙafarka ta tafi, a kan keke ne ko a bakin tur'ar ban-ruwa ko a matakalar ofis, kada ka tsaya neman wanda ke kallo. Ka kare kanka, ka bi ƙasa da taushi, kaya wankewa ake yi. Kuma kada zaman kujera ya sa ka bar motsa jiki. An ce mini Hausawan can suna kokawa bayan girbi. Ka je, ka nemi dattijon da ke koya wa yara, ka duba ko da faɗuwa yake farawa. In ba da ita yake farawa ba, ka gaishe shi da ladabi ka wuce.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Kana ƙarami lokacin, ni kuma ban daɗe da fara aikin akawu a ofishin gona ba. Baba ya manyanta amma bai bar zuwa hawasha ba. Wata safiya ya je buɗe ruwa a tur'a, santsin laka ya kwashe shi, ƙugunsa ya bugi ƙarfen ƙofar ruwa. Ko gwanin faɗuwa in ya sauka a kan ƙarfe sai ya ji. Aka kai shi asibiti, ya yi makonni, aka sallamo shi. Hakim ya ce tsagewa ce kuma ta haɗe, a bar shi ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan da sanda. Ni na juya masa maganar da Hausa, da bakina.

Yaya Sule ya saro masa sanda ta bagaruwa, ya goge ta da mai. Baba ya fara: daga angarib zuwa ginshiƙin rakuba, rumfar tsakar gida, daga ginshiƙi zuwa randa, ya huta, ya dawo. Kai kana binsa a baya da karan dawa kana kwaikwayon ɗingishinsa, yana ce maka tsoho biyu a gida ɗaya sun yi yawa. Fuskarsa ta fara dawowa, har ya soma maganar zuwa masallaci da ƙafarsa.

Ran nan bayan la'asar dattawa suka zo dubiya, har da Tanko makaɗi. Baba ya ce ba zai karɓi baƙi a kwance ba. Ya miƙe, ya taka, sandar ta zame a inda aka zubar da ruwan alwala. Ya faɗi. Ina tsaye na gani: haɓa a ƙirji, baya a lanƙwashe, ya mirgina ya kwanta yana dariya. Ko ƙwarzane bai yi ba. Amma Tanko ya rufe fuska da hannun riga yana kuka, yana cewa bai so ya rayu ya ga bayan Garba a ƙasa ba. Da na raka su ƙofa, wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko daidai ne mutum mai 'ya'ya maza biyu, ɗaya ma afandi, a bar shi yana birgima a tsakar gida kamar marar kowa. Kafin magariba maganar ta zagaya gari.

Washegari na ɗauki sandar na cusa ta cikin karan rufin rakuba. Na ja angarib nesa da ginshiƙi. Na raba aiki a gidan yadda nake raba shi a ofis: wannan ya kawo buta, wannan ya ɗaga shi, wannan ya zauna kusa kada ya yunƙura. Yaya Sule bai yarda ba. Ya ce, "Usmanu, ba shi sandarsa. Mutumin nan ya fi mu duka iya faɗuwa." Na kawo masa hujjoji, na ce karaya ta biyu ta fi ta farko muni, na ce akwai mutuncin Baba da kirarinsa. Akwai gaskiya a cikin maganata, ita ta sa ta yi nauyi. Shi ne babba, amma ya bar mini, don ni na yi makaranta.

Baba ya tambaye ni, "Afandi, ina sandata?" Na ce an ajiye sai ya ƙara ƙarfi. Ya ce, "Ƙarfin daga ina za shi zo, daga igiyar angarib?" Na gyara masa matashi. Ya sake tambaya wasu lokuta, daga baya ya daina.

Ka san ina rubuta al'amuran yau da kullum tun ina makaranta. Jiya na buɗe littafin wannan shekarar. Shafi bayan shafi na rubuta: Baba ya wuni lafiya, bai motsa ba, alhamdu lillahi. Ina godiya a kan abin da ke cinye shi. Cinyoyin da suka ɗaga ƙarti suka koma kamar karan dawa. Hannun ya kasa riƙe kofin shayi sai an tallafa. Tari ya sauka a ƙirjinsa. Bai ga tsinkar auduga ta gaba ba. Rai na Allah ne, ban ce sanda za ta ƙara masa kwana ɗaya ba. Amma kwanakin da suka rage masa da ya yi su a hanyar masallaci, ba yana kallon rufin da sandarsa ke ciki ba. A zaman makoki kowa yabonmu yake yi, ana cewa ba a taɓa ganin 'ya'ya masu biyayya kamarmu ba. Na karɓi yabon, na ce amin.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. In ka tashi hana wani abu don tausayi, ka tambayi kanka tsoron me kake ji, raunin mutumin ko bakin mutane. Su biyun kama suke yi ƙwarai, ni na kasa bambanta su. Kuma in ana yabon yadda kake kula da mara lafiya, kada ka saurari yabon, ka ɗaga mayafi ka duba ƙafafunsa.

Kuskure na uku a kanka na yi shi, ban san ko kana tunawa ba. Bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru ka yi dogon zazzaɓi, ka tashi ƙafafu ba ƙarfi. Na ga cinyoyinka na tuna nasa, tsoro ya kama ni, sai na faɗa ɗaya ɓangaren. Kullum da safe in tashe ka in sa ka tafi bakin tur'a ka dawo, kana kuka ina cewa daure. Gwiwarka ta kumbura, ka koma kwance. Abin da ya fi yi mini ciwo, in ka ji ƙararrawar kekena sai ka ja mayafi ka yi kamar barci.

Mahaifiyarka ta ce mini in koma ofis in tsare auduga, tunda auduga ba ta kuka. Ta bar ka ka huta har kumburin ya saɓe. Sannan ta ce maka 'yar akuyarta na jin ƙishirwa kuma ba ta shan ruwan kowa sai naka. Ta ba ka ɗan gwangwani. Bayan kwanaki gwangwani ya zama buta, buta ta zama ƙaramin tulu, akuyar kuma aka riƙa ɗaure ta nesa kaɗan da inda take jiya. Kai ba ka san magani kake sha ba. Da ka warware na kai ka kan yashi, ban sa ka komai ba, ni na riƙa faɗuwa kana dariya, har ka ce kai ma za ka gwada. Ranar ce ka fara hawa bayan kekena da kanka.

Daga nan na koyi abu biyu da nake so ka tafi da su gidan Baba Sule. Gajiya daban, ciwo daban: gajiya a huta a ci gaba, ciwo mai suka ko kumburi a tsaya a tambayi hakim. Sannan mutum, yaro ko tsoho, ba ya tashi don an ce tashi. Yana tashi ne don akwai abin da ke jiransa a can gefen tsakar gida.

Yanzu ga yadda nake ganin za ka yi, ko da yake kai za ka ga abin da ban gani ba daga nan. Kada ka shiga gidan da wa'azi. Kai ƙarami ne, Adamu babban ɗansa yayanka ne, kuma abin da yake yi don ƙauna yake yi. Ka ci abincinsu, ka yi kwanaki kana kallo. Ka fara da Inna Hajara matarsa, ita ke wanke masa jiki, ta riga kowa sanin yadda ya rame. Sannan ka roƙi Yaya Adamu ku je wurin hakim tare, ya ji da kunnensa abin da aka yarda Baba Sule ya yi da abin da ba a yarda ba. In hakim ya ce a dakata, ku dakata. Ni akawu ne, ba likita ba.

In ya ce a fara, ku fara da zama a bakin angarib, ƙafa a ƙasa. Sai miƙewa da komawa zaune, a hankali. Ka ɗaura masa rawani a ƙugu ka riƙe ta baya, yadda ɗan kokawa ke riƙe ɗamara, kada ka ja shi ta hannu ko ta hammata. Ka ba shi buta da ruwa kaɗan ya ɗaga da kansa, ruwan ya riƙa ƙaruwa. Ku share tsakar gida, a daina zubar da ruwan alwala a hanyarsa, a kwaso yashin kogi a shimfiɗa mai kauri a gefen rakuba. Tsoho ba a kayar da shi don koyo. A kan yashin nan za ka taimaka masa ya sauka da kansa, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya kwanta ta gefe. Daga nan ya koyi tashi: ya juya, ya dafa hannu da gwiwa, ya rarrafa zuwa angarib, ya kafa ƙafar mai lafiya, ya miƙe. Wanda ya san zai iya tashi daga ƙasa, rabin tsoronsa ya tafi. Sauran kuwa jikinsa ya sani tun daga bakin kogin Kamlin, tunatarwa kawai yake so. Ka nemo masa abin da zai je dominsa, ko duba jakinsa ne, ko zaman ƙofar gida. Ka tsokane shi ka ce ka ji labarin ya taɓa kayar da wani afandi a gaban 'yan mata. Zai yi dariya, ya ba ka labarin da ƙari.

Wata rana zai iya faɗuwa, duk da rawanin da yashin. Wannan shi ne abin da ke hana ni sakewa tun da na fara rubutun nan, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mai yiwuwa baƙi na nan, mai yiwuwa wani dattijo ya ja ka gefe. Na auna abin ta kowace fuska, na ga faɗuwa a kan yashi wataƙila ce, abin da angarib ke yi kuwa na gan shi da idona. In an yi magana, ka sunkuyar da kai ka ce ni na sa ka. A kawo maganar Kamlin, ina nan.

Yanzu ka kwance tabarmar. Sandar kakanka ce. Ta yi shekaru a rufin rakuba, duk lokacin da aka sake kara sai in cire ta in mayar, ban gaya wa kowa ba. Shekaranjiya na sauko da ita na goge ta da mai, na sa maƙeri ya yi mata ƙafar roba ta tsohuwar taya don kada ta zame.

Ranar da muka binne Baba, muna dawowa daga maƙabarta, ni da Yaya Sule muka iso bakin tur'a. Nan ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce, "Usmanu, in nawa ya zo, kada ka bari a ɓoye mini sanda." Na wuce gida. Shekarar ya kwashe iyalinsa ya koma Rusairis noman damina, kuma ba mu sake tayar da maganar ba.

Kada ka ba Adamu, kada ka jingina ta a bango. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ka sa masa ita a hannunsa. Zai gane ta, shi ya saro ta. Ka ce masa Usmanu ya ce ya ji.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka sha ruwan da ba a tace ba. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Yaya, da Inna Hajara, da Adamu da 'yan'uwansa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa duk inda ƙafarka ta zame ka sauka a kan taushi, Ya ba ka ikon tashi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya tayar da kafaɗar Yaya, Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Usmanu